Jan tsiro a akwatin kifi: Ludwigia, Alternanthera ko Rotala, wanne zai zauna a ruwanka?

Duk wanda ya daɗe da kiwon kifin ado a akwatin gilashi, akwai ranar da kore zai ishe shi. Ya dasa wannan ya kama, ya dasa wancan ya kama, amma in ya zauna ya zuba ido sai ya ga komai launi ɗaya. Ana cikin haka sai ya ci karo da hoton tankin wani a Instagram, an jera jajayen tsirrai a baya kamar gonar zoɓo ta nuna, ya ce shi ma sai ya yi. To daga nan ake fara zubar da kuɗi, domin jajayen nan kama kawai suka yi, halinsu ya sha bamban.

Waɗanda zan kwatanta duk masu kara ne: kara ɗaya a miƙe, ganye a gaɓa-gaɓa, in ka yanke kan ka soka a ƙasa sai ya yi saiwa, kamar yadda ake dashen rogo. Guda biyar na zaɓa, waɗanda aka fi cin karo da su a hannun masu sayarwa: Ludwigia repens, Ludwigia palustris da ake kira Super Red, Alternanthera reineckii, Rotala rotundifolia, da Rotala macrandra.

Abubuwan da za ka auna kafin ka tura kuɗi

Na farko haske, kuma shi ne uban tafiya. Jan da kake gani a ganyen Ludwigia da Rotala wani sinadari ne mai suna antosayanin, dangin wanda ya sa zoɓo ya yi ja. Tsiron yana ƙara samar da shi ne in haske ya yi masa ƙarfi, kamar garkuwa. Shi ya sa za ka ga kara ɗaya, ƙasansa kore, samansa da ya kusanci fitila ja. Kamfanin Tropica na ƙasar Denmak, wanda ya shahara da renon tsirran ruwa, ya kasa haske gida uku bisa lumen, wato ma'aunin yawan hasken fitila: lumen 10 zuwa 20 ga kowace lita don tsirrai masu sauƙi, 20 zuwa 40 don matsakaita, sama da 40 don masu wuya. Ke nan tanki mai lita 60 yana son lumen 1,200 zuwa 2,400 in matsakaita za ka dasa. Duba kwalin fitilar LED ɗinka, adadin yana rubuce a jiki. Awa 6 zuwa 8 a rana ya isa, amma a lokaci ɗaya kullum.

Nan ne maganar wuta ta shigo. Fitila mai wat 20 in ta yi awa 7, wat-awa 140 ta ci. Ƙaramar filta, wato na'urar tace ruwa, mai wat 5 da ke aiki dare da rana ta ci 120. Ba wani abu ba ne ga mai sola da batir, amma ga wanda ya dogara da wutar layi kaɗai, wannan shi ne abin da zai yanke masa hukunci. Tsiro lafiyayye yana jure duhun kwana biyu ko uku sau ɗaya. Abin da ke kashe shi shi ne yau awa 10, gobe awa ɗaya, jibi babu. Kuma kada ka ce za ka jingina tankin da taga rana ta yi maka aikin fitila. Ruwan zai yi zafi, gansakuka ta rufe gilashin cikin mako guda.

Na biyu iskar CO2, wadda ita ce abincin tsiro na asali. A ruwa kaɗan ce ƙwarai, don haka masu tankuna na gani-na-faɗa suke ƙara ta har ta kai wajen miligiram 20 zuwa 30 a lita. Hanya biyu ce: tukunyar gas ɗin CO2 da regileta mai daidaita fitarsa, mai tsada amma mai tsari, ko haɗin gida na sukari da yis a gora. Na gidan yana da araha, sai dai yana da mugun hali a ƙasarmu. Zafi yana sa yis ya yi ta aman iska, kuma ba ya sanin an ɗauke wuta. Filta ta tsaya, ruwa ya daina motsi, gora tana ta turo gas cikin dare, da asuba ka tarar da kifi sun taru a sama suna haki. Tukunyar da ke da makunnin lantarki kuwa, wuta na tafiya take rufe kanta.

Na uku zafi. Yawancin tsirran nan sun fi walwala tsakanin digiri 22 zuwa 28. A Kano ko Sakkwato ko Yamai, watan Afrilu iska tana kai wa 40, ruwan tanki a ɗaki marar na'urar sanyaya ɗaki yana haura 30 ba tare da wahala ba. Ƙaramar fanka da ke busa saman ruwa tana sauke digiri biyu zuwa uku, kuma busasshiyar iskar arewa ta fi taimaka mata. Mutanen Jos dai sun huta da wannan.

Na huɗu ruwa. In butar shayinka tana yin farin ɓawo a ciki, ko sabulu yana wahalar kumfa, ruwanka mai nauyi ne, ma'adinai sun yi masa yawa. Wasu rijiyoyin burtsatse haka suke. Ruwan sama kuwa marar nauyi ne. In na famfo ne, ka tuna da kulorin, sai an sa masa maganin cire shi.

Na biyar yawan hidima, wato sau nawa za ka tsoma hannu da almakashi. Na ƙarshe kuɗi, kuma ba kuɗin tsiron nake nufi ba. Damin tsiro shi ne mafi araha a cikin lissafin. Fitila, gas, taki da ƙasar dashe su ne ke cin aljihu.

Ludwigia repens

Asalinsa nahiyar Amurka, daga kudancin ƙasar Amurka zuwa Meziko da tsibiran Karibiyan. Ganyensa mai faɗi ne, biyu-biyu suna fuskantar juna, samansa kore mai duhu ko ruwan ƙasa, ƙarƙashinsa ja. Wannan shi ne jakin tsirran ruwa: ba ya buƙatar gas, ba ya tsoron ruwa mai nauyi, yana cin abin da kifi suka bari, kuma in zafi ya yi sai dai ya ɗan rage sauri. Shi ne mafi araha, sau da yawa ma kyauta ake ba da shi, don wanda yake da shi ya rasa yadda zai yi da shi.

Aibinsa ɗaya ne, kuma gara a faɗa maka tun yanzu: ba ja ba ne sosai. In kana kallo daga gaba, abin da za ka fi gani launin tagulla ne, sai kan da ya kusa fitila ya yi jaja-jaja. Sannan in ka cunkusa shi, na ƙasa ba sa samun haske, ganyen ya zube ya bar kara tsirara da fararen saiwoyi suna reto.

Ludwigia palustris Super Red

In mutum ya tare ni ya ce in faɗi guda ɗaya kawai, wannan zan ce. Ganyensa ya fi na repens ƙanƙanta, kuma ja ne sama da ƙasa, jan garura, ko da hasken matsakaici ne. Ba ya buƙatar a yi masa dabarar rage taki kafin ya nuna launi, ba dole sai da gas ba, ko da yake in ya samu yana yin kauri ya yi rassa da yawa. Uwar jinsin, wato Ludwigia palustris, tana fitowa da kanta a fadamun nahiyoyi da dama har da Afirka, abin da ke nuna maka ba tsiro ne mai tsirfa ba.

A tankina mai lita 60 na dasa kara shida da aka turo min a mota daga Legas, sun kwana biyu a hanya cikin leda da jiƙaƙƙiyar jarida. Da na buɗe, biyu sun riga sun yi laushi kamar dafaffen alayyafo, na zubar. Huɗun da suka rage na datse ƙasansu, na tsige ganyen gaɓoɓi biyu na ƙasa, na soka kowanne shi kaɗai da hantsaki, tazarar yatsa biyu. Makon farko tsofaffin ganyen suka yi ta zubewa har na fidda rai. Ashe a gonar da aka rene su a waje suka girma, kansu a iska, don haka dole su zubar da ganyen tudu su fitar da na ruwa. A mako na biyu sai ga ƙananan ganye a kai, sirara, ja wur. Da suka kai saman ruwa na yanke kai wajen santimita 10 na sake sokawa, gindin da na bari ya fitar da rassa biyu. Haka huɗu suka zama daji. Wanda bai san wannan ba, a makon farko zai tumɓuke su ya ce an cuce shi.

Farashinsa ya ɗan ɗara na repens, amma ba da nisa ba. Haɗarinsa shi ne inuwa: in wani tsiro ya rufe shi, jan yana komawa ruwan ƙasa, ƙasan karan ya yi baƙi ya ruɓe. Sannan sunan Super Red ana liƙa wa abubuwa da yawa, don haka ka nemi a turo maka bidiyon tsiron a cikin ruwa, ba hoton intanet ba.

Alternanthera reineckii

Daga Kudancin Amurka yake, kuma ɗan'uwan alayyafo ne na jini, dangi ɗaya suke. Launinsa ma ba antosayanin ba ne, irin sinadarin jan alayyafo ne, shi ya sa jansa ya karkata zuwa shunayya da ruwan hoda, musamman ƙarƙashin ganye. In ya samu wuri, babu wanda ya kai shi cika ido a cikin biyar ɗin nan. Akwai irin da ake kira Mini, gajere ne, ana dasa shi a gaba ko tsakiyar tanki ya yi dunƙule kamar kabeji.

Yana girma a hankali, kuma wannan ne alherinsa, shi ne kuma masifarsa. Alheri, don ba za ka yi ta aski ba. Sau ɗaya a wata ma ya wadatar. Masifa, don ganyen da ya daɗe a wuri ɗaya shi gansakuka take so, musamman baƙar nan mai kama da gemu da ke kama bakin ganye. Tana samun dama ne in CO2 yana hawa yana sauka, ko datti ya taru a ƙasa, wato daidai yanayin gidan da wuta ba ta tsayawa. Da ta kama, sai dai ka yanke ganyen, kuma kafin wani ya fito ka yi jira.

Yana rayuwa babu gas, amma rayuwa ce ta maneji. Yana son ƙasa mai taki a gindinsa, ko ƙwayar takin da ake turawa cikin yashi, kuma ba ya son a yi ta tumɓuke shi ana canza masa wuri. Sau da yawa a ɗan kofi ake sayar da shi, wanda aka rena a ɗakin gwaji cikin wani abu mai kama da kamu. Ya fi tsada, amma ba ya zuwa da dodon-koɗi ko gansakuka. A wanke wannan abin tas kafin a dasa.

A nan ne kuma tarkon yake. Akwai 'yan'uwansa na tudu, irin jajayen nan da ake jerawa a bakin fulawar gida, akwai kuma wani tsiron tudu daban mai ganye shunayya mai kurji-kurji da ake kira Hemigraphis. Ana ɗaure su dami-dami a tsoma a tanki a sayar. Na taɓa faɗawa hannun wani mai shago a kan haka: dami biyu, ja kamar jini, na biya ina murna. Wata guda bai cika ba suka narke, ruwa ya yi wari. Alamar da na koya daga baya ita ce, in ka ciro tsiro daga ruwa ya tsaya ƙyam, karansa da tauri kamar na lambu, ganyen da kauri, to ka yi tambaya sosai kafin ka biya. Wanda ya girma a cikin ruwa yakan langaɓe in an ɗaga shi.

Rotala rotundifolia

Ɗan Kudu da Kudu maso Gabashin Asiya ne, inda yake fitowa a gonakin shinkafa a matsayin ciyawa. Danginsa ɗaya da lalle. Sunansa yana nufin mai zagayayyen ganye, kuma haka yake a tudu, amma a cikin ruwa ganyen sirara ne dogaye, don haka kada ka yi mamaki in abin da ka saya ya canza kama. Yana jure zafi da kyau, ba ya zaɓen ruwa sosai, kuma yana da araha.

Amma jansa sai an yi masa aiki. A haske matsakaici kore ne mai ɗan ruwan hoda a kai. Kafin ya yi ja irin na hoto, sai haske mai ƙarfi, sai kuma an rage masa naitiret a ruwa, wato sinadarin taki da ke samuwa daga kashin kifi da ragowar abinci. Wannan wasa ne a bakin rijiya, don in ka rage da yawa kan tsiron ya tsuke ya daina girma, sauran tsirran su yi rawaya. In kuma kifinka suna da yawa kana ba su abinci da hannu biyu, naitiret ba zai taɓa sauka ba. Irin da ake kira H'ra da Colorata sun fi saurin yin launi. Ga shi da gudu: in ya samu gas, duk mako ko mako biyu sai ka aske shi, in ba haka ba ya kwanta a saman ruwa ya yi wa kowa inuwa.

Rotala macrandra

Daga Indiya. Ganyensa faffaɗa ne, siriri kamar takardar sigari, ja mai sheƙi, yana kaɗawa da motsin ruwa. Shi ne sarauniyar hoto, kuma shi ne ba zan ba kowa shawarar ya fara da shi ba. Yana son haske mai ƙarfi, gas da ba ya yankewa, ruwa marar nauyi, da taki a kan lokaci. Ba ya jure tafiya. Kafin ya iso daga Legas rabi ya mutu. Nawa sun yi wata biyu suna burge baƙi, sai aka yi kwana uku babu wuta a tsakiyar bazara, suka zama kamar an zuba musu tafasasshen ruwa. Super Red da ke gefensu ko gezau.

| Tsiro | Haske | CO2 | Jure zafi | Ruwa mai nauyi | Girma | Kuɗin da zai ja | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|---|
| Ludwigia repens | kaɗan zuwa matsakaici | ba dole | sosai | yana jurewa | da sauri | kaɗan | ba ya yin ja sosai |
| Super Red | matsakaici | ba dole | da kyau | yana jurewa | matsakaici | kaɗan | ruɓewa a inuwa |
| Alternanthera reineckii | matsakaici zuwa mai ƙarfi | ya fi so | daidai | daidai | a hankali | matsakaici | baƙar gansakuka, jabu |
| Rotala rotundifolia | mai ƙarfi in ana son ja | ya fi so | da kyau | yana jurewa | da gudu | matsakaici | ya tsaya kore, yawan aski |
| Rotala macrandra | mai ƙarfi | dole | kaɗan | ba ya so | da sauri in ya samu | mai yawa | narkewa |

Maganar kwalbar ayon

Masu sayarwa suna son cewa in tsiro bai yi ja ba, sinadarin ƙarfe, wato ayon, ne ya yi masa kaɗan, ga kwalba. Gaskiya ne tsiro yana buƙatarsa, in babu sabon ganye yana fitowa fari-fari. Amma ba fenti ba ne. Tsiron da ke ƙarƙashin fitila marar ƙarfi, ko ka juye masa kwalbar duka ba zai yi ja ba. Kuɗin kwalba uku gara ka tara ka canza fitila. In za ka saya, duba bayanta: wanda aka rubuta EDTA yana lalacewa da wuri a ruwa mai nauyi, DTPA ya fi daɗewa. Takin gona kuma, irin yuriya, kada ya kusanci tankin kifi, ammoniya zai saki ya kashe su.

Ka kuma duba su wa ke cikin tankin. Kifin nan ja mai jela da ake kira golfish, da karfasa, da tarwaɗa, ba a haɗa su da tsiro mai kara. Wanda bai ci ba zai tone. Ƙananan kifin ado irin su gofi, moli, filati da ƙananan tetira su ne abokan zama.

Wa ya dace da wanne

In wutar layi kaɗai gare ka, fitilarka ta kasuwa ce, kuma wannan ne karonka na farko, ɗauki Ludwigia repens. Ba zai ba ka jan hoto ba, amma zai koya maka dashe da aski ba tare da ka yi asara ba.

In kana da sola ko inbata da za ta riƙe fitila awa 7 kullum, ba ka son rigimar gas, kuma ja kake so na gaske, Super Red ne naka. Yawancin masu tambayata nan suke, ko da sun zo da sunan wani a baki.

In kana da tukunyar gas, ruwanka tsaf, kuma aiki ba ya barin ka riƙe almakashi duk mako, Alternanthera zai yi maka, musamman Mini a ƙaramin tanki. Mai son tsoma hannu a ruwa kuwa, wanda yake jin daɗin aski da gyaran fasali, yana da fitila mai ƙarfi da kifi kaɗan, ya nemi Rotala rotundifolia.

Macrandra na mai ɗaki mai sanyi ne, wutar da ba ta yankewa, da ruwan sama ko tataccen ruwa a ajiye. Mai babban tanki irin wannan zai iya neman Ammannia gracilis ma, ɗan Afirka ta Yamma ne, mai kauri da dogon ganye ruwan tagulla, sai dai shi ma yana son haske da fili.

Kowanne ka zaɓa, kada ka yi odarsa a Maris ko Afrilu. Bari damina ta sauka ko hunturu ya shigo, ka roƙi mai turowa ya naɗe shi da jiƙaƙƙiyar takarda ba ya cika ledar da ruwa ba, kuma ka je tasha ka karɓa ranar da motar ta iso.